Ƙofa Ɗaya, Hannu Huɗu: Wa Zai Ce Shi Ya Yi?

A 'yan shekarun nan otal-otal, majami'u, fadoji da gidajen masu hali a Kaduna da Abuja sun fara neman wani irin aikin katako da ya fi ƙarfin kafinta shi kaɗai. Ƙofa ce da aka sassaƙa mata zane, aka ɗaure ta da ƙarfe, aka lulluɓe wani sashenta da jar fata. Ko kujerar sarauta mai ƙusoshin tagulla. Ko faffaɗan allon bango da ya haɗa itace da zanen ƙwarya da saƙa. Matasan da suka karanta zane a jami'a suna kiran wannan haɗin gwiwa, wasunsu ma suna maganarsa kamar wani baƙon abu ne da ya sauka daga jirgi. Ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Abin da ya sauya shi ne sharuɗɗan haɗuwar, kuma a nan ne rigingimun suke.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Zazzau ya ga aikin hannu da yawa yana wucewa ta gabansa, ko da bai kira shi da wani suna ba. Ɗauki sirdi kaɗai. Masassaƙi ne ya fitar da jikinsa daga itace. Majemi ya jeme fata da bagaruwa, baduku ya ja ta a kan itacen ya ɗinke ya yi mata ado. Maƙeri ya ƙera likkafa da linzami. Maɗinki ya yi jalala. Mutum biyar ke nan tun ba a zo kan mai dokin ba. Kayan dawakin da Turawa suka yi ta ɗauka a hoto a manyan hawan Kaduna, na 1956 da aka yi wa Sarauniyar Ingila da na 1977 lokacin bikin FESTAC, duk ta irin wannan hanya suka fito. Kalangu ma haka: kangon na masassaƙi ne, sau da yawa daga itacen alilliba, fatar ta biyo ta hannun mahauci da mai gyaranta, makaɗin kuma shi ke ɗaure tsarkiya har sai ya ji muryar da yake nema. Hatta fartanya, ƙota ta wani ce, ruwa na wani.

To me ya sa wannan tsari ya yi ɗaruruwan shekaru yana tafiya ba tare da zama a teburi ba? Saboda siffar abin ta riga ta zauna. Masassaƙin sirdi ba ya bukatar ganin badukun da zai lulluɓe, domin dukansu sun gaji awo ɗaya daga iyayensu. Kowa ya san kaurin da zai bari da inda zai huda. Kowa yana sayar da rabonsa ga na gaba, a biya shi, magana ta ƙare. Idan gardama ta taso akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Dukawa, akwai dattawan sana'a. Ba a rubuta suna a jikin sirdi, amma sunan bai ɓace ba, don mai saye ya san gidan da aka yi shi, ya san uban wanda ya yi.

Sabon aikin ba shi da wannan gata. Ƙofar da wani otal ya nema ba ta da uwa a tarihi. Siffarta tana cikin kan mutum ɗaya ne, ko a takardar da ya zana, kuma sau da yawa shi mai zanen bai taɓa riƙe gizago ba. Idan aka bi tsohuwar hanya, wato a kai wa masassaƙi ya gama, a ɗauka a kai Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, a yi ƙarfe, a wuce da ita wurin baduku, to abin da zai fito ba zai kai shekara biyu lafiya ba. Dalilin kuwa ba lalaci ba ne, ba kuma rashin gwaninta ba. Kayan aikin ne ba halinsu ɗaya ba.

Itace ba ya daina motsi bayan an sare shi. Da zarar ruwan jikinsa ya ragu ƙasa da kamar kashi 30 cikin ɗari sai ya fara tsukewa, kuma ba daidai yake tsukewa ta kowane ɓangare ba. Ta tsawo kusan ba ya motsi. Ta faɗi yana motsi sosai, kuma tsukewar da yake yi ta kewayen zoben jikinsa ta kai kusan ninki biyu na wadda yake yi daga ɓargo zuwa ɓawo. Shi ya sa gungumen da aka bari da zuciyarsa a ciki yake tsagewa daga tsakiya zuwa waje, shi ya sa kuma turmi da akushi, da aka rarake cikinsu, suka fi dunƙulallen gungume jurewa. Yanzu ɗora yanayin Kaduna a kan wannan. A watan Agusta laimar iska takan haura kashi 80, a tsakiyar hunturu kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana. Ƙyauren da faɗinsa ya kai mita ɗaya yana iya kumbura ya tsuke da santimita ɗaya ko fiye tsakanin damina da rani. Kowace uwar gida ta san ƙofar da ke cijewa a damina ta saki da hunturu. Idan aka kai aikin ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana, an ƙara masa wani ranin da ba ya ƙarewa.

Ƙarfe bai san wannan ba. Mai walda da ya saba da ƙofar ƙarfe zai kewaye katakon da firam ya matse, ya huda rami daidai kaurin ƙusa, domin a sana'arsa matsewa ita ce kyau. Itacen ya zo tsukewa ya tarar an riƙe shi ta gefe biyu, sai ya tsage ta tsakiya, galibi ta kan zanen da aka fi wahala a kai. Maganin ba shi da tsada: a yi ramin ƙusa da ɗan tsawo, a bar wa katako wurin numfashi a cikin firam. Amma sai mai walda ya ji wannan daga bakin masassaƙi kafin ya kunna injinsa. Tsofaffin ƙofofin Nufawa na Bida da Lapai sun warware matsalar tun tuni. Falankai ne uku ko huɗu ko biyar, kowanne an sassaƙa shi daban, aka jera su aka haɗa da ƙarfe, kowane falanki yana motsinsa ba tare da ya ja ɗan'uwansa ba.

Akwai kuma wata ƙaramar masifa da ni take ba ni sha'awa. Baƙin da dukawa ke zane da shi a kan fata, kuloko, asalinsa ƙarfe ne da aka jiƙa. Idan ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa sai sinadarin bagaruwar ya haɗu da ƙarfen ya koma baƙi ƙirin. Wannan haɗuwar da baduku ke nema da gangan, ita ce ke ɓata aiki idan ta faru a inda ba a gayyace ta ba. Buga ƙusar baƙin ƙarfe ta ratsa jar fata, ko ta shiga itace mai irin wannan sinadari, a sami ɗan laima, bayan 'yan watanni za ka ga baƙin tabo yana yaɗuwa a kewayen kowace ƙusa, kuma ba ya gogewa. Baduku ya san wannan tun yana yaro. Maƙerin baƙi ba lallai ya sani ba. Da an tara su tun farko da baduku ya ce a nemo maƙerin fari ya yi ƙusoshin da tagulla.

Sai batun wa ke gaba wa ke baya. Masassaƙi ya saba gama aikinsa da shafa man kaɗanya ko man gyaɗa don itacen ya yi sheƙi ya rage tsagewa, alhali gam ba ya kama itacen da ya sha mai. Mai zane da wuta, irin na ƙwarya da akushi, dole ya gama kafin fata ta matso kusa. Ɗanyar fata kuma a jiƙe ake jan ta, tana bushewa tana matsewa da ƙarfin da zai iya tanƙwara siririn falanki. Masassaƙanmu sun fi son ɗanyen itace don gizago ya fi shiga, kafinta kuwa ba ya son ganinsa. Idan matashin da ya kawo zanen ya matsa, ya ce, "Baba, mai aikin nan sati uku ya ba mu," amsar da zai samu daga tsohon masassaƙi ba ta wuce, "Ɗana, itacen bai gama shan iska ba." Tsohon ne ke da gaskiya, amma ɗan kwangila ne ke riƙe da kuɗi, kuma yawanci shi ke cin nasara.

Wani zai ce ai mu Musulmi ba mu da ruwa da sassaƙa irin ta baje koli, wannan harkar mutum-mutumi ce. Maganar tana da tushe, amma ba ta rufe ƙofar ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wani mai sana'ar yin surori ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi, sannan ya ba shi mafita: in dole ne sai ya yi, to ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. A kan wannan mafita ce aka gina gagarumar fasahar katako ta duniyar Musulmi, ta zanen lissafi da ganye da rubutu. Kujerun Nufawa masu ƙafafu da yawa, da ake fitarwa daga gungume guda, ba su da fuskar kowa a jiki kuma ana ajiye su a gidajen tarihin Turai. A jihar Kaduna kuma ba Musulmi kaɗai ke sayen aiki ba. Majami'u suna son ƙofofi da mumbari da surori, al'ummomin kudancin jihar suna da nasu kayan bukukuwa da na kiɗa. Abin da ke faruwa a aikace shi ne rabon aiki bisa abin da zuciyar kowa ta yarda da shi: wani ya yi surar, wani ya yi zanen gefe da firam da fata. Wannan ma yana cikin abin da ya kamata a faɗa a fili tun ranar farko, don kada a kai rabi mutum ya ajiye gizago. A gefe guda, masana da suka duba kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tsinta a 1928 a ƙasar Jaba, sun lura an yi wasunsu ta hanyar yankewa da rarakewa kamar yadda ake yi wa itace, abin da ya sa suke ganin akwai tsohuwar sassaƙar itace a yankin da gara da damina suka cinye. Ana iya ganin irin waɗannan kawuna a gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC.

An taɓa gwada tara masu sana'a daban-daban a ƙarƙashin rufi ɗaya a ƙasar nan. Daga 1947 zuwa 1954 limaman Katolika, Kevin Carroll da Sean O'Mahoney, sun gudanar da wata cibiya a Oye-Ekiti inda masassaƙa da masaƙa da masu aikin duwatsun ado suke yi wa majami'u aiki da salon Yarbawa. A can ne wani matashi Musulmi, Lamidi Fakeye, ya koyi aiki a hannun George Bandele, ɗan shahararren masassaƙi Areogun. Cibiyar ba ta daɗe ba, domin tana rataye ne da kuɗi da yardar hukuma ɗaya, kuma ko a cikin majami'ar ba kowa ya so salon ba. Amma ta bar abu ɗaya mai nauyi: Carroll yana rubuta wanda ya yi kowane aiki. Saboda haka Fakeye ya fito da sunansa, ya yi aiki a Turai da Amurka, ya koyar a jami'ar Ife, har ya rasu a 2009 duniya ta san shi. Kwatanta da wani masassaƙin Yarbawa, Olowe na Ise, wanda ya rasu a 1938. Ƙofar da ya yi wa fadar Ikere an kai ta baje kolin Wembley na Landan a 1924, gidan tarihin Birtaniya ya riƙe ta ya aika wa sarkin da karaga a madadinta, kuma an daɗe ana nuna ta ba da sunansa ba, alhali a gida ana rera masa kirari. Shi kansa Olowe da tarin yara yake aiki, kuma sunayen yawancinsu sun tafi.

Nan ne zuciyar matsalar take. Kasuwar fasaha ta zamani suna ɗaya take so. Sashen koyar da zane na Zariya, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu da kiran a haɗa abin gida da na waje, ya yi wa ƙasar nan babban aiki, amma ya gaji tsarin Turai na mai fasaha guda wanda ke sa hannu a ƙasan aiki. Wanda ya fito daga wannan tsari ya san yadda ake magana da mai baje koli, ya san Instagram, ya iya rubuta bayanin aiki da Turanci. Masassaƙi da baduku da maƙeri kuwa jinga aka yi da su: a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, a cika in an gama. A tsohon tsari wannan adalci ne, don sirdi ba ya ninka kuɗinsa bayan ya bar hannunka. Aikin baje koli yana ninkawa, kuma abin da ke ninka shi suna ne. Sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na cewa mai zane bai yi komai ba. Tunanin nasa ne, shi ya nemo mai saye, shi ya ɗauki kasadar kuɗi, kuma idan aikin ya ƙi sayuwa masu jinga sun riga sun ci nasu. Akwai ma masu sana'ar da in ka ba su zaɓi tsakanin kuɗi a hannu yau da kaso bayan wata shida, za su ɗauki na yau, kuma ba wanda zai zarge su ga cefane yana jira. Sai dai a rarrabe abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kuɗi ana iya cinikinsa ta kowace hanya da aka yarda. Suna kuwa ba ya rage wa kowa komai, kuma shi ne kaɗai jarin da zai kawo wa baduku mai saye na gaba ba tare da dillali ba. Ina zargin wannan ne ainihin dalilin da ya sa ake ɓoye shi.

Rubuta sunayen masu aiki ba bidi'ar Turawa ba ce. Mumbarin da Nuruddin Zangi ya sa aka fara a Halab a 1168, wanda Salahuddin ya kai Masallacin Ƙudus bayan ya karɓi birnin a 1187, kuma aka ƙona a 1969, yana ɗauke da sunayen masu sana'ar da suka yi shi a sassaƙe a jikinsa. Kusa da mu ma akwai misali. A cibiyar tukwane ta tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, wadda Michael Cardew ya jagoranta, ana buga hatimi biyu a gindin tukunya: na cibiyar, da na wanda ya gina. Da haruffa biyun nan, LK, aka san aikin Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954 kuma hotonta ke bayan takardar naira 20. Ƙarfen buga irin wannan hatimi a katako ko fata, kowane maƙeri a Tudun Wada zai ƙera shi kafin azahar.

Doka ma ta tanadi wani abu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi sassaƙa da ayyukan hannu na fasaha. Ta san da aikin da mutum biyu ko fiye suka ƙirƙira tare, ta ba wanda ya ƙirƙira damar a ambaci sunansa, kuma miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Amma kalmar da za a yi ta ja a kanta ita ce ƙirƙira. Wanda aka ba zane ya bi layi da layi, da wuya ya ce shi ma ya ƙirƙiri aikin. Wanda aka ce masa "ga fili nan, cika shi da abin da ka ga ya dace," ya zuba dagi da zanen da ya gada ya sarrafa, wannan ya ƙirƙira. Yawancin ayyukan da ake yi a garin nan suna tsakanin biyun ne, kuma babu masassaƙin da zai je kotu a kan ƙofa. Takarda shafi ɗaya da Hausa, ko da ajami ce, a gaban shugaban ƙungiyar sana'a, ta fi amfani: wa zai yi me, wa zai fara, nawa za a biya, sunan wa zai hau, kuma wa za a kira idan ta tsage a hunturu na biyu. Tambayar ƙarshen nan ce ake mantawa da ita, ita ce kuma ke raba abokai. Masu sana'ar Panteka sun riga sun nuna suna iya tsara kansu, tun da har sun shiga tsarin ba da takardar shaidar ƙwarewa tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE. Masassaƙa da dukawa ba su kai nan ba tukuna.

Ko ana so ko ba a so, itacen da kansa yana tura mutane ga juna. Madobiya, wadda aka yi ta lodi zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido tun 2017, kawo da maɗaci suka bi ta a 2023. Kirya, itacen turmi, masu gawayi sun sa ta a gaba. Dazuzzukan Birnin Gwari ba wurin da mai gatari zai shiga hankali kwance ba ne a shekarun nan. Abin da ya fi samuwa a kasuwar katako shi ne malaina da dogon yaro da itacen gandun gwamnati irin na Afaka da Nimbiya, yankakku, sirara, yawancinsu ba su da jan launi da ƙwayar da ke sa a bar itace tsirara. Masassaƙin da kakansa ke fitar da kujera daga gungume guda yanzu dole ya haɗa guntaye, kuma haɗa guntaye sana'ar kafinta ce da maƙeri. Farin itacen da ba shi da ado na kansa yana bukatar wuta ko rini ko fata. Yaron da ke koyon sassaƙa a Kaduna yau zai yi yawancin rayuwar aikinsa da irin wannan katako, don haka sanin halin ƙarfe da fata ya shiga cikin abin da maigidansa ya kamata ya koya masa tare da wasa gizago.